Littattafan bincike masu girke-girken kek: girkin na cikin labarin ne, ko cikon shafi ne kawai?

Bakatsinen_Karatu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina so mu tattauna a kan littattafan Turawan nan na bincike da ake kafawa a ƙaramin gari, inda mace mai gidan kek ko mai sayar da biskit take gano wanda ya yi kisa kafin 'yan sanda su gano. Ba jini a cikinsu, ba zagi, ba batsa, sannan duk bayan babi biyu ko uku sai ka ci karo da yadda ake haɗa wani kek. Ra'ayina shi ne girke-girken nan cikon shafi ne da dabarar kasuwa. Cire su gaba ɗaya, labarin ba zai rasa komai ba. Tambaya ta biyu kuma ga masu sana'ar gashi: in mutum ya bi abin da aka rubuta a ciki, yana fitowa daidai kuwa?

Tsohon_Edita:
Wa alaikumus salam. Malam, rabin maganarka gaskiya ce. Sai dai a raba abu biyu: akwai takardar girkin da ake bugawa a ƙarshen babi, akwai kuma sana'ar gashin da jarumar take yi. Ta farko ana iya cire ta. Ta biyu in ka cire ta, ginin ya rushe.

Dalili kuwa, mai bincike da ba 'yar sanda ba tana da matsala guda babba: ba ta da ikon tsare kowa ta yi masa tambaya. Dole marubuci ya ba ta hanyar da mutane za su riƙa zuwa wurinta da ƙafarsu, ko ita ta shiga gidajensu ba tare da an tsargu ba. Shagon kek yana yin duka biyun. Da safe rabin gari na zaune a shagon suna shan gahawa suna gulma, da yamma kuma ta ɗauki faranti ta tafi gidan makoki ko gidan wanda take zargi da sunan gaisuwa. Wanda aka kawo wa abin daɗi ba ya saurin korar baƙo. Asalin tsarin na ƙauye da tsohuwa mai sa ido ya fito ne daga irin littattafan Agatha Christie, musamman jarumarta Miss Marple wadda littafinta na farko ya fito a 1930. Saka girki da awo a ciki a matsayin salo mai zaman kansa ya yi ƙarfi ne a Amurka daga baya: Virginia Rich a 1982, Diane Mott Davidson a 1990, sai Joanne Fluke a 2000 da jarumarta Hannah Swensen mai shagon biskit a wani ƙirƙirarren gari na jihar Minnesota.

Hajiyar_Kek:
Ni bari in ɗauki tambaya ta biyu. Yawancinsu suna fitowa, amma a kicin ɗin Amurka aka gwada su. Mai bin su a nan dole ta juya awon tukuna.

Kofinsu ɗaya kusan mililita 240 ne. Ba kofin shayi ba ne, ba kuma gwangwanin madara ba, wanda bai kai shi ba ko kusa. Kofi ɗaya na fulawa giram 120 zuwa 125 ne idan da cokali aka zuba aka share saman. In kika tsoma kofin cikin buhu kika danna, zai iya kaiwa giram 150, kuma a girkin da ke neman kofi uku kin ƙara fiye da rabin kofi ke nan ba ki sani ba. Shi ne kek ɗin ke fitowa da tauri. Kofi ɗaya na sukari giram 200 ne. Sandar bota ɗaya da suke yawan faɗa giram 113 ce, wato rabin kofi. Zafin obin kuma 350 nasu na Farenhait ne, a namu ma'aunin kusan 180 ke nan, 375 kuma 190.

Yar_Damagaram:
Hajiya ta gama magana. Mu nan da giram muka saba tun asali, don haka shawara ɗaya ce: a sayi ƙaramin sikelin kicin, a juya girkin zuwa giram sau ɗaya, a rubuta a gefen shafin. Ƙwai ma a lura, babban ƙwan da suke nufi kusan giram 50 ne ba tare da ɓawo ba. In ƙwan gida ne ƙanana, uku za su tsaya a madadin biyu.

Bakatsinen_Karatu:
Na gode Hajiya da 'yar uwa. Amma Tsohon_Edita, ai ka goyi bayana ne ba ka sani ba. Takardar girkin nake nufi, kuma ka ce ana iya cire ta.

Malam_Alƙalami:
Ana iya cire ta a littafin da bai yi kyau ba. A wanda ya yi kyau, takardar tana da aiki uku. Tana sassauta numfashin mai karatu bayan babin da aka tsinci gawa. Tana ɗauke da muryar jarumar, domin wasu marubutan, Fluke alal misali, suna rubuta girkin da 'yan bayanai kamar jarumar ce ke magana da kai, har da ambaton wanda ya ba ta girkin a cikin garin. Na ukun shi ne mafi tsada, kuma kaɗan ne ke iya shi: a ɓoye alamar da za ta tona mai laifi a cikin ilimin gashin kansa.

Ga yadda ake yi. A babi na huɗu an nuna maka girkin burodi, an ce a bar ƙullun ya tashi awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi har ya ninka, in ya wuce haka zai kumbura ya zube ya kama warin tsami. Ka karanta ka wuce. A babi na tara wata ta ce ai ita ba ta bar kicin ba sai na minti ashirin a safiyar da aka yi kisan. Amma tun a babi na biyu jarumar ta ga kwanon ƙullun matar ya cika ya zubo kan tebur ya lotsa a tsakiya. Ɗan sanda zai ga ƙazantar kicin ne kawai. Mai gashi za ta ga awa uku. Nan ne girkin ya ci kuɗinsa.

Inna_Mai_Tanda:
Malam_Alƙalami, misalin ya yi kyau amma da gyara. Tashin ƙullu ba agogo ba ne, zafin ɗaki ne ke tafiyar da shi. Ƙullun da zai ɗauki awa biyu a kicin mai sanyi zai ninka cikin minti arba'in a kicin mai zafi, kuma yawan yis da sukari duk suna canza lissafin. In marubuciya za ta rataya hujja a kansa, sai ta riga ta nuna mana cewa lokacin sanyi ne, ko an bar taga a buɗe, ta kuma sa jarumar ta san girkin da matar ke amfani da shi. In ba haka ba duk mai yin burodi zai ajiye littafin.

Malam_Alƙalami:
Haka ne Inna. Shi ya sa irin wannan alamar ba ta kama mai laifi ita kaɗai. Aikinta ta karya maganar da mutum ya yi game da inda yake a lokacin. Bayan nan sai an nemo dalilin ƙaryar, kuma sau da yawa dalilin ba kisan ba ne, wani sirri ne daban, kamar bashi ko soyayyar ɓoye. Da haka ake ɓad da sawun mai karatu.

DanBirni77:
Ni abin da ke ba ni dariya shi ne gari mai mutum dubu uku amma duk wata shida sai an kashe wani. Wa zai ci gaba da zama a can?

Tsohon_Edita:
An daɗe ana wannan barkwancin, tun zamanin shirin talabijin ɗin nan na Amurka mai jaruma Jessica Fletcher, marubuciya mai gano masu kisa, da aka yi daga 1984 zuwa 1996, wanda garinta Cabot Cove ya zama abin misali. Marubutan sun san da matsalar. Maganinsu shi ne shigo da baƙi: gasar gashi, bikin aure, kasuwar baje koli, 'yan fim da suka zo ɗaukar shiri, ɗan gari da ya dawo bayan shekara ashirin. Mamacin da mai kisan sukan fito daga cikin waɗannan, mutanen da mai karatu ya saba da su kuma su tsira zuwa littafi na gaba. Illar ita ce wanda ya karanta biyar a jere zai gane cewa sabuwar fuska mai yawan fara'a ita ce abin zargi.

Ummu_Littafi:
Tunda an shiga tsari, bari in shimfiɗa yadda ake gina su ga mai son rubutawa.

Gawa tana bayyana da wuri, cikin babi ukun farko, kuma ba a nuna kisan ana yi. Mamacin yawanci mutum ne da ya ɓata wa jama'a da dama, domin a samu mutum huɗu zuwa shida da kowannensu ke da dalili. Ƙasa da huɗu, mai karatu zai canka tun a tsakiya. Sama da shida, sunaye za su cakuɗe masa. Kowane wanda ake zargi a ba shi abu uku: dalili, dama, da ƙarya guda da ya yi.

Sai dalilin da zai sa mai kek ta tsoma baki. Son sani kaɗai ba ya isa. Ko ita ake zargi saboda an samu kayan shagonta kusa da gawar, ko ƙanwarta ce a hannun hukuma, ko an rufe mata shago har sai an gama bincike. A littafin farko na Fluke, a bayan shagon jarumar aka tsinci direban da ke kawo madara, ga biskit ɗinta a warwatse kusa da shi. Sai kuma wani na kusa da ita a cikin 'yan sanda, suruki ko manemi, wanda zai riƙa cewa ta fita daga maganar amma bayani na zubo masa.

Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce adalci ga mai karatu. Ronald Knox ya rubuta dokoki goma na labarin bincike a 1929, ta farko ita ce dole a ambaci mai laifin tun farkon labari. Duk alamar da jarumar ta gani, kai ma sai an nuna maka. Inda sababbin marubuta ke faɗuwa shi ne su bar mai laifi ya tona kansa da bakinsa a babin ƙarshe yana riƙe da bindiga, alhali jarumar ba ta gano komai da kanta ba.

Gimbiyar_Zazzau:
Anti Hajiyar_Kek, don Allah komawa kan girkin. Biskit mai ɗigon cakulan ɗin da ke cikin irin littattafan nan, me ke sa ya baje a faranti ya haɗe ya zama faifai guda?

Hajiyar_Kek:
Abu uku ne, 'yata, kuma na farko ya fi yawa a ƙasarmu. Idan suka ce bota mai laushi, suna nufin wadda ke kusan digiri 18 zuwa 20, ki danna da yatsa ta lotsa amma ba ta yi maiƙo ba. Bota tana narkewa daga wajen digiri 32 zuwa 35, kicin ɗinmu kuwa a watan Afrilu ya wuce haka. Narkakkiyar bota ba ta riƙe iskar da ake bugawa da sukari, sai ƙullun ya kwanta tun kafin gefensa ya kama. Ki fito da ita daga firji minti goma kacal, ki buga da sukari minti uku zuwa biyar, in kin gama haɗawa ki mayar da ƙullun firji aƙalla awa ɗaya.

Na biyu, botar shafa burodi ta roba. Ruwanta ya fi na botar gashi yawa. Ki nemi ta gashi mai tauri.

Na uku, ɗora sabon ƙullu a kan farantin da bai huce ba. Ki bar shi ya huce ko ki yi amfani da faranti biyu, ki kuma bar tazarar yatsa uku tsakanin kowane curi. Minti 10 zuwa 12 a 180 ya isa. Ki sauke tun tsakiyar na da ɗan laushi, zai ƙarasa a kan farantin.

Inna_Mai_Tanda:
A ƙara da maganar bekin soda da bekin foda, don nan ne ake yawan asara. Ba abu ɗaya ba ne. Soda ba ta aiki sai da wani abu mai tsami a cikin haɗin: nono, zuma, lemun tsami, ko jan sukarin nan nasu mai danshi. Foda kuwa tana ɗauke da tsaminta a jikinta. Awon da aka saba shi ne ƙaramin cokali ɗaya na foda ga kofin fulawa ɗaya, soda kuma rubu'in ƙaramin cokali. In kika zuba soda da awon foda, kek zai yi duhu ya yi ɗanɗanon sabulu. Madarar tsamin da suke yawan kira, kindirmo da aka ɗan tsinka da ruwa yana maye gurbinta, ko ki zuba babban cokali ɗaya na ruwan lemun tsami a kofin madara ki jira minti biyar zuwa goma.

DanBirni77:
Inna, kanwa fa? Ai ita ma tana kashe tsami.

Inna_Mai_Tanda:
Tana kashewa, amma ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga wannan dunƙule zuwa wancan, ga ƙasa a jikinta. A alkaki hannu ya saba da ita, ana ɗanɗanawa ana ƙarawa. Kek ba ya ba ka wannan damar. Bar kanwa inda take.

Yar_Damagaram:
Jan sukarin da Inna ta ambata farin sukari ne da aka cuɗa da baƙin ruwan rake, babban cokali ɗaya ga kofi ɗaya. Mazarƙwaila tana kusa da shi a ɗanɗano. A goge ta ko a daka a tankaɗe, a maye rabin awon kawai da ita, sauran a sa farin sukari. In ana tsoron yashi, a narkar da ita a ruwa kaɗan a tace, sai a rage ruwan da ke cikin girkin daidai da wanda aka ƙara.

Bakatsinen_Karatu:
To ga shi nan, na kawo maganar adabi kun mayar da ita makarantar koyon girki. Wannan ma hujja ce a gare ni: masu sayen littattafan girkin suke bi, labarin rakiya ya yi.

Ummu_Littafi:
A'a Yaya. Mai neman girki zalla littafin girki zai saya, ya fi yawa ya fi araha. Abin da ke mayar da mutum ga littafi na goma sha biyar shi ne garin: uwar da ke matsa wa jarumar ta yi aure, maƙwabciya mai tsegumi, kyanwar gida, maneman nan biyu da ta kasa zaɓa. Kisan ne ke motsa kowane littafi, mutanen gari ne ke riƙe jerin. Girkin yana sa ka ji kamar kana da kujera a shagon. Inda zan yarda da kai shi ne wasu jerin in sun yi nisa, girke-girken kan yi yawa har su kai ashirin ko fiye a littafi guda, binciken kuma ya sirance.

Dan_Tudun_Jos:
Ba a taɓo tsayin ƙasa ba. Labaran Davidson a tsaunukan Colorado suke, kuma gashi a tudu daban yake. Iska ba ta da nauyi a sama, sai kek ya tashi da sauri ya faɗa kafin ya kama, ruwa kuma ya ƙone da wuri. Daga wajen mita 1,000 ake fara gyara. Jos tana kusan mita 1,200, don haka masu gashi a nan su rage foda da kamar kashi ɗaya cikin takwas zuwa rubu'i na kowane ƙaramin cokali, su ƙara ruwa babban cokali ɗaya ko biyu, su ɗaga wuta da digiri 10. Kano da Katsina ba sa buƙatar wannan.

Gimbiyar_Zazzau:
Wadda ba ta da obin fa?

Hajiyar_Kek:
Babbar tukunya mai kauri, yashi mai tsabta kaurin yatsa biyu a ƙasa, a rufe a bar shi ya yi zafi minti 15 a matsakaiciyar wuta. A ɗora ƙarfe ko duwatsu uku a kan yashin don kada gwangwanin ya taɓa shi kai tsaye, in ba haka ba ƙasan zai ƙone sama na ɗanye. Kada a buɗe murfi a minti 20 na farko. Kek yana yi sosai a haka. Biskit ya fi wahala saboda zafin daga ƙasa yake zuwa, samansa ba ya yin ja sai an ɗora ɗan garwashi a kan murfin.

Malam_Alƙalami:
Wannan dokar ta minti 20 ma alama ce a hannun marubuci. Kek da ya lotsa a tsakiya a kicin ɗin ƙwararriya yana nufin wani ya buɗe obin, ko wuta ta ɗauke, ko ba ita ta gasa ba. Kowanne hanya ce ta labari.

Marubuciyar_Fagge:
Ina ta bin ku shiru. Abin da nake aunawa shi ne ko salon zai zauna a ƙasar Hausa. An riga an fitar da shi daga Amurka da Ingila: Sally Andrew ta kafa nata a wani ƙaramin gari na Afirka ta Kudu a 2015, da girke-girken can. A wurinmu ina ganin cikas guda. Mamaci ana yi masa sutura a ranar, ba a cika binciken gawa ba, kuma iyali da dama za su ce sun bar wa Allah. Mace mai sana'a ta riƙa bin gidan makoki tana tambayoyi, mai karatu ba zai so ta ba.

Mafita ita ce a sauke laifin daga kisa. Sarƙar gwal ta ɓata daga akwatin lefe, kuɗin adashi sun yi ƙafa a daren da za a kwasa, an sauya takardar gona. Jarumar kuma mai yin kayan gara ce, alkaki da nakiya da dubulan, wadda ke kwana uku a gidan biki tana aiki a tsakar gida, kowa na wucewa ta gabanta ba mai lura da ita. Tana da dillaliya da ke shiga kowane gida, da 'yan talla masu kawo rahoton lungu. Madadin ɗan sandan nan kuma mai unguwa ne, ko ƙanenta ɗan sintiri.

Tsohon_Edita:
Tsarin zai ɗauka, Malama. Abin lura shi ne sata ba ta da nauyin kisa, don haka sai an ɗora mata wa'adi da abin asara. A ce ranar Asabar za a kai amarya, in ba a ga sarƙar ba auren zai mutu, kuma yarinyar da ake zargi marainiya ce mai aiki a gidan. Yanzu akwai dalilin da zai hana mai alkaki barci.

Inna_Mai_Tanda:
Kuma alkaki ya fi burodi dacewa da dabarar Malam_Alƙalami, tunda kwaɓinsa kwana yake yi kafin ya yi tsami a sa masa ruwan kanwa a soya. Wadda ta ce jiya da daddare ta kwaɓa, amma kwaɓin bai ko fara tsami ba, da safen nan ta kwaɓa. Sai a tambaye ta ina ta je jiya da daddare.

Bakatsinen_Karatu:
Wannan kam na yarda ba a cire shi. Amma ku lura, duk misalan da kuka kawo na ilimin da ke kan jarumar ne. Har yanzu ba wanda ya nuna mini dalilin buga awon fulawa da sukari a tsakiyar labari maimakon a tara su a bayan littafi.

Ummu_Littafi:
Wasu a bayan littafin suke tarawa, kuma masu sauraron littafi ta murya sun fi son haka, don ba daɗi a riƙa karanto maka rabin cokali da rubu'in kofi ana tsakiyar bin sawun mai kisa. Amma in alamar tana cikin girkin, dole ya zo kafin warwarewa, in ba haka ba an karya ƙa'idar adalcin da na ambata.

Marubuciyar_Fagge:
Hajiyar_Kek, in za a buga girkin alkaki a irin wannan littafin, da wane awo za a rubuta? Mudu da gwangwani, ko giram?

Hajiyar_Kek:
Duka biyun, giram a gaba. Mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba, mai karatu a Kumasi ko Yamai kuma ba lallai ta san wanda kike nufi ba. Ki auna naki mudun a sikeli ki rubuta abin da ya bayar, sannan ki ba wata da ba ta taɓa yin alkaki ba ta gwada daga takardar kaɗai, ba tare da kin tsaya a kanta ba. Duk inda ta tsaya ta kira ki, nan ne layin da ya ɓace.